Turmin Gidan Tankari

Ku da kuke yawo da waya a aljihu, kuna danna jan ɗigo ku ce kun ɗauki murya, ku gyara zama in gaya muku abin da ake kira ɗaukar murya. Fiye da shekara talatin na yi ina wannan sana'a a Tasawa, kuma har yau in yaro ya ce mini aikin ba wuya, kallonsa kawai nake yi in yi masa fatan alheri. Na'ura ba ta san abin da take ɗauka ba. Mai ita ne ya kamata ya sani, in kuwa bai sani ba, yana iya tona asirin mutum a tsakiyar kasuwa yana ta murna ya yi gwaninta. Ni na yi haka, na tona asirin wani dattijo mai suna Tankari, kuma da aikin da na fi alfahari da shi na yi.

A wajen Malam Idi na koyi aiki. Shi ne mai kula da motar silima da ke zaga ƙauyukan Tasawa da Mayahi tana nuna wa mutane yadda ake feshin gyaɗa da yadda ake tace ruwan sha. Ranar da na fara, ya zaunar da ni a gareji, ya kunna fim, ya ce in rufe ido in faɗa masa abin da ke faruwa. Na ce ana kiɗa. Ya sakar mini ranƙwashi. Ya ce ai jaki ma ya san ana kiɗa, abin da yake tambaya shi ne, wani na zuwa ne ko wani na tafiya. Wata uku ina shan ranƙwashi kafin in gane cewa kiɗan silima shi ke gaya wa mai kallo abin da zai ji a ransa tun kafin idonsa ya gani. Daga ƙarshe in na rufe ido ina iya cewa yanzu za a buɗe ƙofa, yanzu mai doki ya juyo, yanzu an rabu. Malam Idi bai taɓa yaba mini ba, daina ranƙwashin kawai ya yi.

Da motar ta tsufa aka jingine ta, sai na buɗe ƴar rumfa a bakin kasuwa. Kayan aikina ba su da yawa: rikoda biyu, ɗaya mai babban zare da na gada daga Malam Idi, ɗaya ta kaset, mikoro guda da nake sa wa safa saboda iska, batirin mota, reza, salatif, auduga da ɗan kwalbar alkol na goge kan rikoda. In mutum ya yi tari a tsakiyar magana, ba wani maɓalli da za ka taɓa ya ɓace. Sai ka juya zaren da yatsa a hankali, gaba da baya, har ka ji inda tarin ya fara da inda ya ƙare, ka sa alama, ka yanka a karkace, ka haɗa bakin biyu ka manne. Ka yanka ba daidai ba, ka cinye wa mutum rabin kalma, kuma ba ta dawowa.

Yawancin masu zuwa wurina masu aika saƙo ne. Wanda ɗansa ke Abija ko Ikko, ba ya karatu, ba ya son mai rubuta wasiƙa ya san cikinsa, sai ya zo ya yi magana a kaset a ba direba. Na tuna wata tsohuwa daga garin Sarkin Hausa da ta cinye fuska guda ta kaset tana gaisuwa. Ta gaida ɗanta, ta gaida matarsa, ta gaida mai gidan da yake haya wanda ba ta taɓa gani ba, ta isar da gaisuwar akuyarta. Da na juya kaset na ce to Inna, sai saƙo, ta ce ai ta gama, dama so take ya ji tana da rai. Sauran masu zuwa maroƙa ne da ƴan samariya, wato ƙungiyar matasa, kowa na so muryarsa ta fito da kauri fiye da yadda Allah ya ba shi.

Sai fari ya dawo, wanda ya biyo bayan na farko da kusan shekara goma. Soja ke mulki a lokacin. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke, aka sake shuka, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya suna kawo saniya kasuwa ba mai ko taya ta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne saƙonnin da na ɗauka a shekarar. Mutum zai zauna gaban mikoro, wuyansa kamar sillen kara, ya ce muna nan lafiya lau, an gode Allah, damina dai ta ɗan yi gardama. Ban ji wanda ya ce yunwa ba. Hukuma ba ta son jin kalmar, gaskiya ne, amma ko da ba soja mutanenmu ba za su faɗa ba. Magidanci ya gwammace a ce ciwo ya kashe shi da a ce ya kasa ciyar da gidansa.

A cikin wannan hali Abdu ya shigo rumfata da baƙin akwati a hannu. Ɗan Tasawa ne, ya yi shekaru yana busa a ƙungiyar badujala ta soja a Yamai, ya bar aiki ya dawo gida. Abin da ke cikin akwatin saksofon ne, amma duk garin algaitar nasara ake ce masa. Ya ce kaset yake so ya yi, na farko a rayuwarsa, kuma ba waƙa a ciki, ba yabon kowa. Na tambaye shi wa zai sayi kaset ba waƙa. Sai ya ce ko na san jaz. Na ce na sha ji a rediyo, kamar mutum huɗu ne kowa na faɗar tasa ba mai sauraren wani. Ya yi dariya ya ce suna saurare, mutum ɗaya ne ke riƙe ƙasa ba ya motsi, sauran su yi ta yawo su dawo su same shi. Yana so ya haɗa wannan da kiɗan silima.

"Silima nike so mu yi wadda babu hoto," in ji shi. "Mutum ya ruhe ido ya ga garinsu tun daga sahe har maraice. An ce mini kai kaɗai ka san wanga aiki."

Ya taɓa ni inda nake da rauni. Na yarda nan take.

Sati uku muna yawo a kan babur da rikoda a goye. Na ɗauki kukan guga a wata rijiya mai zurfi kusa da Mayahi, na ɗauki ƙarar amalanke a kan rairayi, na ɗauki hayaniyar kasuwar Urafane da kiran wani makiyayi. Abu ɗaya ya gagare mu. Abdu ya ce ba ya son ganga ta riƙe masa ƙasa a kiɗan farko, daka yake so, taɓarya da turmi. Na ɗauki daka a gida uku a cikin Tasawa, duk ya ƙi. Ya ce sautin ba ya tsayawa wuri ɗaya, ya fara da kaushi ya koma laushi, ga mai dakan tana tsayawa ta yi tankaɗe, ga kaji sun cika wurin da surutu. Shi daka yake so wanda zai ɗora busa a kai minti biyar bai kauce ba.

Ni na kawo shawarar mu je gidan Tankari. Ƙauyensu yana gaba da Urafane kaɗan, kuma tun zamanin motar silima a zaurensa muke sauka. Manomi ne na gaske, wanda ake cewa rumbunsa ba a taɓa ganin gindinsa ba. A farin farko shi ya riƙe rabin ƙauyen, ya raba iri da damina ta dawo. Gidansa na gefen gari, katangar ƙasa ce doguwa, ba darni ba. Na ce wa Abdu in akwai gidan da har yanzu ake daka na ƙoshi, to can ne.

Mun isa da la'asar, tun daga nesa muna jin taɓarya. Tankari ya tarbe mu da fara'a, ya rame amma wa bai rame ba a shekarar. Aka kawo ruwa. Ya ba da haƙuri ya ce fura ba ta sauka ba tukuna. Na gaya masa abin da ya kawo mu, ya tsaya yana kallon rikoda. Na ɗauka kunya ce irin ta manya, a ce za a sa dakan matarsa a kaset. Na yi ta lallashinsa, har na tuna masa tsohuwar zumunci. Daga baya na gane ba shi da hanyar cewa a'a, don duk dalilin da zai kawo sai ya kai ga gaskiya. Ya ce to, ba komai.

Baƙo namiji ba ya wuce zaure, wannan kowa ya sani. Don haka na ɗaure mikoro a bakin doguwar gora, na zagaya ta waje, na miƙa shi ta saman katanga daidai inda nake jin sautin, ni kuma na tsuguna da rikoda a gindin bango. Ban ga turmin ba, ban ga mai dakan ba. Sunanta kawai na sani, Inna Tsahara, uwargidan da ta sha aiko mana da tuwo shekarun baya. Na sa abin ji a kunne. Dum, dum, dum, ba sauri ba nawa, ba tsayawa, ba kaza ko ɗaya. Minti takwas na ɗauka, bugun ƙarshe daidai yake da na farko. Na ɗaga wa Abdu babban yatsa. Muka yi sallama, Tankari ya ce mu tsaya mu ci tuwo, muka ce hanya da nisa, bai matsa ba.

A ɗakin ƙanen Abdu muka yi sauran aikin. Muka jingina katifu a bango, muka toshe taga da bargo, muka zaɓi safiyar ranakun da ba kasuwa. Ina kunna dakan a babbar rikoda, su kuma suna bi, Abdu da mai gurmi da wani malamin lakwal, makarantar boko ke nan, mai kaɗa jita, ina ɗauka a ta biyu. In mutum ɗaya ya yi kuskure a minti na huɗu, kowa ya koma farko. Kiɗan farkon nan sau goma sha ɗaya muka yi shi, gumi na ɗiga daga gwiwar hannun Abdu. Amma da ya fito, ya fito. Taɓarya na tafiya ita kaɗai, sai gurmi ya shigo a hankali, sai busar ta taso daga ƙasa kamar mai dawowa daga gona a gajiye. Ban taɓa yin aiki mai kyau irinsa ba, kafin nan ko bayan nan.

Abdu ya ce ba zai yabi kowa ba, amma ɗan Hausa ne, ba ya iya cin arzikin gida ya wuce bai ambaci mai gidan ba. Kafin kiɗan ya fara sai ya matso kusa da mikoro ya ce wannan dakan gidan Tankari ne, ya faɗi sunan ƙauyen, ya ce gidan da baƙo ba ya kwana da yunwa, Allah ya ƙara rufa asiri. Na ji daɗin maganar har na ɗaga muryar don ta fito sosai.

A lokacin ba ka fitar da kaset kasuwa sai an saurara an sa hannu. Muka kai wa wani hafsa da ke duba irin waɗannan abubuwa. Ya saurara daga farko har ƙarshe da biro a hannu yana jiran waƙa, waƙa ba ta zo ba. Kalmar yunwa da ya ji a gabatarwa ta sa ya mayar da kaset baya sau biyu, da ya tabbata cewa aka yi ba a kwana da ita, sai ya saki fuska. Ya ce wannan ma talla ce mai kyau, a ji ana daka a karkara. Ya buga hatimi.

Na kwafi kaset masu yawa, direbobi suka fara ɗauka, wasu don sha'awa wasu don su yi dariyar algaitar nasara. Ranar kasuwar Urafane na tafi da kaina, na kafa lasifika a gindin wata bishiyar bedi, na ƙure murya. Mutane suka taru. Maza suna gyaɗa kai, ana cewa Tankari dai Tankari ne, ko a bana. Amma na lura matan da ke zaune da ƙoransu na kuka da yaɗiya sun daina ciniki, suna kallon juna. Wata ta sa gefen zane ta rufe baki. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yafito ni da hannu, na durƙusa.

"Ɗana, kashe abin ga," ta ce. "Wanga turmi babu hatsi ciki."

Na ce mata Inna, ni na ɗauka da hannuna. Ta ce ta yarda, amma ita shekara hamsin tana daka. Hatsi yana magana a turmi, in ji ta, yana farawa da tsawa ya koma raɗa yayin da yake zama gari, kuma dole mai daka ta tsaya ta juya, ta kwashe, ta tankaɗe. Wannan kuwa ƙaiƙayi ne da rairayi, shi ya sa bai canza ba. Ta ce kuma a ina na taɓa jin ana dakan hatsi kaji ba su zo ba. Daga bayan katanga, daga nesa, duk daka ɗaya ne, maƙwabta ba za su gane ba. Ni ne na kai kunnen duniya har bakin turmin.

Abin da na zaɓi dakan dominsa, shi ne ainihin shaidar cewa gidan ba abinci. Ni da nake taƙama ina rufe ido in ga ƙofa na buɗewa a ƙasar da ban taɓa zuwa ba, na kasa jin abin da kowace mace a kasuwar ta ji cikin bugu goma. Na kashe rikoda, amma mutanen ƙauyen Tankari suna cikin taron, kuma sunansa ya riga ya fita ta lasifika.

Mun yi abin da za mu iya. Na yanke gabatarwar daga uwar zaren, na bi direbobin da na sani ina karɓe kaset. Aikin banza ne, kaset in ya shiga mota ya haihu. Wasu ƴan boko a Maraɗi da Yamai sun yaba aikin ƙwarai, har aka aiko wa Abdu ya zo ya yi na biyu. Bai je ba, kuma bai sake yin wani kaset ba. Ya ce mini ba zai iya haɗa ido da Tankari ba, don haka ni kaɗai na koma, bayan kwana tara ina ɗage tafiyar.

Da la'asar na isa, ƙauyen tsit. Gidaje da yawa an jingine musu ƙaya a ƙofa. Na tarar da Tankari a ƙofar zaure yana ɗaure kaya a amalanke, tabarmi da tukwane da buhun tsummoki. Ya amsa sallamata kamar kullum, ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ba ƙarya na yi masa ba. Rumbun ya ƙare tun wata biyu da suka wuce, ya ƙare ne a bakin mutanen da suka riƙa zuwa da ƙwarya a ɓoye. Da ya ƙare, Tsahara ce ta ce ba za a ji gidan shiru ba. Kullum la'asar sai ta ɗauki taɓarya, alhali cikinta ba komai sai tafasasshen ganye.

"Ba don girmana kaɗai ta yi ba," ya ce. "Mutane na jin daka nan, suna cewa in ta ɓaci akwai inda za a tahi, in ruwa ya sauka akwai mai ba da iri. Shi ya sa sunka zamna. Ran da sunka dawo daga Urafane, ba wanda ya ce mini komi. Gaisuwa sunka zo yi mini, irin wadda aka yi ma marar lahiya. Washegari anka hwara ɗaure kaya."

Na ce ya bari in nemo masa ko buhu guda, ina da mutane a Tasawa. Ya ce ya gode, amma shi da aka saba zuwa wurinsa da ƙwarya ba zai zauna a garin nan ana kawo masa ba. Kudu za su yi, inda ba wanda ya san ko ya taɓa mallakar rumbu. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, na zauna ina kallon igiyar da yake ɗaurewa.

Can sai na ji ana gungaro wani abu mai nauyi daga cikin gida. Inna Tsahara ce. Ranar na fara ganinta ido da ido, ƴar ƙaramar tsohuwa, tafin hannunta duka biyu a naɗe da tsumma. Ta turo turmin har bakin zaure, ta tayar da shi a gabana, ta koma ta ɗauko taɓarya ta jingina a jikinsa. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma ɗaga murya ba.

"Amalanke ba ta ɗaukar shi," ta ce. "Ka kai ma mai busa. Ka ce mishi ga gangarshi nan, ni na gama."

Ta juya ta shige. Tankari ya ci gaba da ɗaurin kaya, bai dube ni ba.